Ina Ɗantala Mai Agogo Ya Zauna?

Maradun, ranar Laraba

Zuwa ga taubashina Misbahu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen Bakura baki ɗaya. Mu nan da sauƙi. Nusaiba ta yi zazzaɓi amma ta tashi, Amira kuwa sai tsawo take yi kamar ana jan ta. Na samu ta'aziyyarka ta rasuwar maigidana Tijjani, Allah ya ba da lada.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka rufe layukan waya ba mu da wata dabara, ga ni kuma cikin takaba, ko ƙofar gida ba na leƙawa. Direban Mafara zai miƙa wa na Bakura ita.

Ga abin da ya hana ni barci. Tun da muka baro Gidan Goga muna gidan Mas'ud, yayan Tijjani. Ya ce da zarar na fita takaba za a raba yaran, Amira ta tafi Morai, Nusaiba ta tafi Dakko, a bar mini na goye. Ba mugunta ba ce, gidan ya cika da waɗanda suka gudo, har zaure ana kwana. Ya ce in ina da sana'ar riƙe su, shi ba zai taɓa ko ɗaya ba. Ɗaki akwai a Mafara wurin wata gwaggonsu, amma ta ce ɗaki za ta iya, ciyarwa ba za ta iya ba.

Ranar gudu mutane sun ɗauki tukwane da tabarmi, ni kan keken ɗinkina na ɗora a kai. Wurin zama kawai nake nema. An gaya mini a Layin Kanti na Mafara, tun da aka dakatar da kasuwar Talata kowa ya kwararo can, dattawan layin suka hana kafa sabon tebur, sai ga wanda ubansa ya taɓa zama, kuma sai dattawa biyu sun nuna wurin. To ni ai 'yar Ɗantala mai agogo ce.

Ka je ka nemo mini shagon Baba. Ba wuya. In ka baro tasha ka shiga layin, yana hannun dama, jikin shagon mai hoto, wani Bayerabe da ya rataye hoton wata mata riƙe da laima. Akwai dogon-yaro a gaban wurin. Ina ƙarama Inna kan kawo ni ranar Talata, in zauna ƙarƙashin teburinsa mai gilashi, ya saya mini ƙosai.

Na ji an rufe makarantu, saboda haka ba ka da uzuri. Kuma kada ka manta kai ɗan mace ne, ni 'yar namiji. Bawana kake, wannan aike ne ba roƙo ba.

Uwargijiyarka,
Taibatu

Bakura, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Taibatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maiɗakina tana gaishe ki, ta ce a shafa kan yara. Bawanki ya je aike, kuma albishirinki, na samu dattawa biyu da suka san Kawu Ɗantala sarai. Sai dai ki karanta har ƙarshe kafin ki yi guɗa.

Kin ce ba wuya. Na baro tasha na bi hannun dama, na tarar da masu faci da shagon siminti. Ashe tashar da kika sani an tashe ta tun tuni, ta koma ɗaya ƙarshen layin, don haka damarki ta zama haguna. Dogon-yaro an sare shi lokacin da aka zuba kwalta. Mai hoto kuwa ya koma garinsu, amma har yau wuri uku ake kira wajen mai hoto, domin ya tashi bayan gobara, ya sake tashi da aka rushe rumfuna. Na farkon ya zama kemis, ya zama gidan kallon ƙwallo, yanzu wurin cajin waya ne, mai shi yana ta gyangyaɗi tun da wayoyin suka yi shiru.

Ko sunan layin ba a daidaita a kai ba. Wani ya ce kantin sayen gyaɗa da auduga ne na zamanin Turawa, wani ya ce na wani Kwara ne, Balarabe mai sayar da yadi, wani ya ce kakansa ne ya fara. Abin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne, layin ya tashi ne lokacin aikin dam, da ma'aikata suka riƙa shigowa da albashi, kowa yana son agogo a hannu. A lokacin Kawu ya zo, kuma wayar hannu ce ta mayar da shi gona.

Shugaban layin, Alhaji Nasidi, ya zo bayan Kawu ya bari, bai san shi ba. Shi ya tura ni wurin tsofaffi biyu da suka rage.

Na farko Malam Ishaq mai yadi, a ɓangaren gabas. Ina ambaton sunan ya dafa bango ya ce, “Ɗantala? Nan shi ka zama, ga wurin. Tare munka sha kunu shekara da shekaru.” Na lissafa da tsohuwar tasha, na ga ya yi daidai da naki.

Na tsallaka yamma wurin Baba Ɗanlami mai injin niƙa ina murna, don ya cika na biyu. Ya dube ni ya ce, “Wa ac ce maka gabas? Ɗantala gindin bangona shike, nan wurin. Garin injina har cikin agogunan nai shike shiga, kullum muna faɗa.”

Na ce ko Ɗantala biyu ne. Na tambaye su siffa daban-daban. Duka sun ce gajere, mai tabo a goshi, mai ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Alhaji Nasidi ya ce shaidar yarinya ba ta shiga, sai bakin dattawan ya zo ɗaya. Kaina ya ɗaure, amma zan koma.

Bawanki,
Misbahu

Maradun, ranar Alhamis

Misbahu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, yau har abinci na ci da yawa.

Allah ya yi maka albarka. Ina ganin ka samu dattawa biyu na aika aka kira Mas'ud, na gaya masa ta bayan labule cewa wuri ya samu. Ya yi murna ƙwarai, har ya fasa saƙon da zai aika Morai. Amira ta ɗaure kayanta da nata da na ƙanwarta wuri ɗaya.

Sauran takardar na karanta daga baya. Wannan ai ƙaramin abu ne. Mai injin nan tsufa ne, ga shi ya shekara cikin ƙara, dole kansa ya juye. Ni da idona na ga Baba a jikin mai hoto, ban taɓa jin ƙarar inji a kusa da mu ba. Ka lallaɓa shi, ka kai masa goro, ka tuna masa. Kai malamin makaranta ne, yara arba'in kake juyawa, tsoho ɗaya ba zai gagare ka ba.

Ka tambayar mini Malam Ishaq ko ƙofar shagon tana nan, don in san irin kwaɗon da zan nema.

Taibatu

Bakura, ranar Litinin

Yaya Taibatu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai dai ni takardarki ta tayar mini da hankali. Na ce ki karanta har ƙarshe. Me ya kai ki gaya wa Mas'ud? Babu abin da ya samu tukuna.

Na kai goron. Baba Ɗanlami ya karɓa, ya ci, ya ce shi ba a sayen bakinsa. Kansa kuwa garau yake, har sunan Innarki ya faɗa mini, da sunan da Kawu yake kiran ki da shi, 'Yar Baba.

Sai na yi wauta, na haɗa su gaban Alhaji Nasidi. Malam Ishaq ya nuna ƙusa a bangonsa ya ce nan Kawu yake rataye agogon bango. Baba Ɗanlami ya ja mu ya nuna ramuka a dandamalinsa, ya ce sawun ƙafafun teburin ne. Wannan ya ce a kawo Alƙur'ani, wancan ya ce a kawo. Mutanen da suke gaisawa tun kafin a haife ni, yau sun rabu ba sallama, kuma ni na jawo.

Na bi sauran masu ɗan shekaru. Mai nama ya ce gabas. Wani tsohon direba ya ce yamma, nan yake karɓar agogonsa in ya dawo daga Sakkwato. Wata mai fura ta ce gabas, da na juya zan tafi ta ce ko dai yamma.

Maganar ƙofa kuma ban gane ba. Na tambayi Malam Ishaq ya dube ni kawai, ya ce wace ƙofa. Wataƙila gobarar ce ta cinye ta. Ban sani ba, Yaya. Yanzu ko gabas aka ce in nuna sai na yi tunani.

Misbahu

Maradun, ranar Asabar

Misbahu,

Ina gaisuwa. Lafiya dai? Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, babu takardarka. Ya ce hanya ba daɗi, motocin Bakura ba kullum suke fitowa ba, amma zuciyata ba ta yarda ba. In ka gaji da wahalata ka faɗa mini, wasan taubasantaka ba dole ba ne.

Watan fitata ya kama. Mas'ud yana tambaya yaushe za a kai kaya, ina ce masa an kusa. Nusaiba ta tambaye ni wai a Mafara ɗaki ɗaya za su kwana da Amira, na ce i. Ina jin tsoro, Misbahu. Ban taɓa gaya maka haka ba.

Taibatu

Talata Mafara, ranar Laraba

Yaya Taibatu,

Ina gaisuwa, kuma ki yi haƙuri. Takardunmu sun yi saɓani, tawa ta kwana a tasha cikin aljihun wani yaron mota. Ban gaji ba. Na ma tare a Mafara wurin wani abokina har sai an gama.

Na gano inda Kawu ya zauna, amma ban san ko murna za ki yi ba.

Jiya da hantsi na je ba Malam Ishaq haƙuri. Na zauna a jikin bangonsa, wurin ƙusar nan, akwai inuwa mai daɗi. Muna ta hira har rana ta take. Wajen azahar sai na ji ta a tsakiyar kaina. Na ga mai goro ya naɗe buhunsa, mai yankan farce ya ɗauki bencinsa, mai gyaran takalmi ya rungumi akwatinsa, duk suka tsallaka titi. Ni ma na tashi na bi su ba tare da tunanin komai ba, neman inuwa kawai nake. Ina zama na duba ƙasa, sai ga ƙafata cikin ramukan nan na dandamalin Baba Ɗanlami.

Na koma da gudu na tambayi Malam Ishaq ko a wancan zamanin yana wuni a shago. Ya ce a'a, kafin azahar yake barin wa ƙanensa, ya tafi gonarsa ta rani a bakin dam. Na tambayi Baba Ɗanlami, ya ce shi masinja ne a lokacin, sai an tashi daga ofis yake buɗe inji. Kowannensu rabin yinin Kawu ya sani, kuma kowanne ya ɗauka nan ya wuni. Mai nama da safe yake aiki, direba da yamma yake dawowa. Babu wanda ya yi ƙarya.

Yaya, Kawu bai taɓa mallakar shago ba. Tebur ne da shi, yana bin inuwa. Da safe gabas, da yamma yamma, in magariba ta yi ya ajiye teburin a ɗakin inji.

Na kai wa Alhaji Nasidi wannan ina ganin an gama. Ya ce, “To ai nan gizo ke saƙa, malam. Mu wuri munka ce a gada. Mai bin inuwa ba shi da wuri, alfarma ce anka yi mai. Mi za ni ba ta?” Ya ce zai yi shawara, amma fuskarsa ba ta ba ni ƙarfin gwiwa ba.

Misbahu

Maradun, ranar Juma'a

Misbahu,

Muna lafiya. Takardunka biyu sun zo tare.

Da farko na ji haushinka, na ce yaron nan ya rasa abin faɗa ya ƙaga wa ubana talauci. A Gidan Goga kowa shagon Ɗantala yake cewa. Shi kansa in zai tafi cewa yake zai koma shago. Da wannan na yi wa 'yan'uwana yanga, da shi aka yi mini kirari ranar aurena.

Sai na zauna ina neman ƙofar a cikin kaina, na rasa. Ina ganin teburin, ina ganin bango, ina ganin matar nan mai laima. Babu ƙofa. Kuma na tuna wani abu. Duk ranar da muka zo, rana na fara ɗagawa sai ya shiga duba agogon hannunsa, ya ce wa Inna ku tashi kada mota ta bar ku. Sau nawa ina kuka ina son in wuni, bai taɓa bari ba. Shi da kansa yake kai mu tasha, ya tsaya har motar ta tashi. Ashe ba mota yake gudu ba. Ba ya son in gan shi da tebur a ka.

Na yi kuka, ban san ko na tausayinsa ba ne ko na kaina. Na kira Mas'ud na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, amma ya aika Morai. Amira ta kwance ɗaurin kayan da kanta.

Ka sasanta tsofaffin nan, ka ba mai injin haƙuri a madadina. Na ce kansa ya juye, ashe nawa ne. Ka koma gida wurin iyalinka, na 'yanta ka.

Taibatu

Talata Mafara, ranar Lahadi

Yaya Taibatu,

Gaisuwa a gurguje, direba yana jira. Ban karɓi 'yancin ba tukuna. Wannan karon ma ki karanta har ƙarshe, amma kina iya guɗa.

Na je sasanta su kamar yadda kika ce, na karanta musu inda kika yi maganar tasha. Ki yafe mini, ban nemi izininki ba. Baba Ɗanlami ya cire hularsa ya mayar. Malam Ishaq ya tashi ya ce mu je wurin Alhaji Nasidi.

Ya ce masa, “Hantsin Ɗantala wurina shike, na ba ɗiyatai.” Baba Ɗanlami ya ce, “Marecen nai wurina shike, ni ma na ba ta.” Alhaji ya ce doka wuri ɗaya ta ce. Suka ce tebur ɗaya dai ta ce, kuma ga baki biyu ya zo ɗaya. Ya juya ya dube ni kamar ni zan fitar da shi, na sunkuyar da kai. Daga ƙarshe ya ce shi bai gane ba, amma ki zo.

Babu shago, Yaya, babu ƙofa balle kwaɗo. Inuwa ce rabi nan rabi can, kuma kullum sai kin tsallaka da keke a ka gaban jama'a. Ki yi tunani, in kin yarda ki tare saƙon Morai.

Bawanki har yanzu,
Misbahu

Talata Mafara, ranar Talata

Zuwa ga taubashina Misbahu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Bakura lafiya, ka tarar da iyali lafiya. Mu huɗu muna nan ɗaki ɗaya, ƙafar wannan a kan wuyan wancan, kuma ban taɓa jin daɗin matsi irin wannan ba. Mas'ud da kansa ya rako mu.

Jiya na fara. Malam Ishaq ya sa an share wurin, duk wanda ya yanki yadi sai ya nuna masa ni da haɓa. Kafin rana ta ɗaga na yi ƙafar wando, na sa zif, na rage wa wata riga. A ƙusar Baba na rataye almakashina. Mutane sun fara cewa wajen mai agogo, wasu wajen mai hoto, wani ma ya ce wajen dogon-yaro. Duk wanda ya zo nemana sai ya ɓata tukuna, ka ga ba kai kaɗai ba ne.

Amira ta rako ni don riƙon ƙaninta. Da inuwa ta fara janyewa, na ga mai goro yana naɗe buhu. Ban san lokacin da bakina ya ce mata ta ɗauki yaro ta tafi gida ba, wai kada rana ta dake su. Ta goya shi, ta kama hanya. Har ta kai wajen masu faci, na ji muryar da na yi maganar da ita, na gane ta wane ne.

Na ƙwala mata kira ta dawo. Na naɗa gammo, na ɗora keken a kai, na ce ta ɗauko kujera ta biyo ni. Muka tsaya mota ta wuce, muka tsallaka tare. Baba Ɗanlami ya riga ya yayyafa ruwa a dandamali saboda gari.

Ka zo ranar da ka samu hanya in ɗinka maka riga, ladan bauta. In da safe ne ka neme ni gabas, in ka makara ka duba yamma.

Uwargijiyarka,
Taibatu 'yar Ɗantala